Wakilin mai gida na ta yanka mana kuɗi, gyara kuwa babu: me ke kanmu, me ke kansa?

Maman Ikram, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haya. Gidan bene muke haya a Rumde Ajiya, sassa takwas ne, huɗu sama huɗu ƙasa. Mai gidan yana Duwala, wakilinsa ne ke karɓar kuɗi. Kowane sashe na biyan sefa 60,000 a wata, da wasu 10,000 da ya ce na hidima ne, amma bai taɓa nuna mana inda suke shiga ba. Mitar wuta ɗaya ce ga gidan duka. In faktir, wato takardar kuɗin wuta, ta zo sai ya raba takwas daidai, mai na'urar sanyaya ɗaki biyu da mai fanka ɗaya kuɗinsu ɗaya, ita takardar ma ba ma ganinta da idonmu.

Watan jiya injin foraj, wato rijiyar burtsatse, ya tsaya, ya ce ya ƙone, kowa ya kawo 25,000. Muka biya. Yanzu masai ya cika, karo na biyu ke nan cikin wata bakwai, ya ce kowa ya kawo 15,000. Rufin sassa biyu na sama kuwa yana yoyo tun daminar bara, an faɗa masa ya fi a ƙirga, kullum amsarsa za a duba. Ga shi muna cikin Afrilu, ruwa ya kusa sauka.

Maƙwabta sun ce mu haɗa kai mu riƙe kuɗin haya har sai ya gyara. Da maganar ta kai kunnensa sai ya aiko cewa duk wanda bai biya ba zai yanke masa ruwa, ya cire masa ƙofa. To don Allah, a cikin waɗannan abubuwa wanne ne a kan ɗan haya, wanne ne a kan mai gida? Riƙe kuɗin hayar daidai ne? Kuma yana da ikon cire mana ƙofa? Allah ya saka da alheri.

Malam Hamadu, Marwa

Wa alaikumus salam, Maman Ikram. Kafin komai, ku janye maganar riƙe kuɗin haya. Ita ce za ta mai da ku masu laifi alhali ku aka cuta. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016, a aya ta 322-1, ya yi magana a kan ɗan hayar da yarjejeniyarsa ke da rajista a ofishin haraji: in aka biyo shi wata biyu, aka kai masa takardar gargaɗi, wata ɗaya ya wuce bai biya ba bai kuma tashi ba, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ne, da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikin biyun. Ko da yarjejeniyar ba ta da rajista, rashin biya kaɗai ya ishi kotu hujjar tashinku. Yoyon rufi ba ya goge bashin haya da kansa, alƙali ne ke da ikon cewa a rage ko a cire.

Sai rabon nauyi. Kundin dokar zaman jama'a, wato Kod Sibil, ya fayyace shi. Aya ta 1719 ta ɗora wa mai gida abu uku: ya miƙa gidan, ya riƙa kula da shi yadda zai zaunu, ya bar ɗan haya ya zauna cikin kwanciyar hankali. Aya ta 1720 ta ƙara cewa duk gyaran da ya zama dole a tsawon hayar nasa ne, ban da ƙananan gyare-gyaren da aka sani na ɗan haya. Su waɗannan ƙananan aya ta 1754 ta ba da misalinsu: yaɓen ƙasan bango zuwa tsayin mita ɗaya, 'yan tayil ɗin da suka fashe nan da can, gilashin taga, makulli, sakata, maɗaurin ƙofa. Su ma ɗin, aya ta 1755 ta ce in tsufa ne ya lalata su, ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum, ba a kan ɗan haya suke ba. Saboda haka rufi ba abin gardama ba ne, na mai gida ne kai tsaye.

Masai ma dokar ta ambace shi da sunansa. Aya ta 1756 ta ce yashe rijiya da kwashe masai a kan mai gida suke, sai fa in yarjejeniya ta ce akasin haka. Ku ɗauko takardarku ku karanta layi-layi. In babu inda aka rubuta cewa 'yan haya ne ke kwashe masai, wannan 15,000 ba ta hau kanku ba. Injin foraj kuwa cikin kayan gidan yake, da ruwansa kuka kama hayar. In tsufa ko wutar da ta lalace ce ta kashe shi, mai gida zai saya. Ba a ɗora wa ɗan haya sai an nuna cewa shi ya jawo ɓarnar.

Kuɗin hidima ba haramun ba ne a doka, in an rubuta shi a yarjejeniya ana biya. Amma aya ta 1315 ta ce mai neman a biya shi, shi zai kawo hujja, wanda ya ce ya biya shi ma shi zai kawo hujja. Bakin wuƙar biyu ne: shi ya nuna muku faktir da rasit ɗin aikin da aka yi, ku kuma kada ku ba da ko dala ba tare da rasit mai kwanan wata da sa hannu ba, wanda aka rubuta a kai kuɗin mene ne, na wane wata ne. In ta Orange Money ko MTN kuke turawa, ku adana saƙon, ku tura kuɗin haya daban, na wuta daban. Haɗa su a turi ɗaya shi ke ba shi damar cewa daga baya hayar ce ba ta cika ba.

Yadda za ku bi: ku rubuta wasiƙa ɗaya da Faransanci, masu sassa takwas ɗin duka su sa hannu. A jera matsalolin da kwanan watan da kowacce ta fara, a ba shi kwana 15. Kwafi biyu, ya sa hannu a ɗaya ya mayar muku, ɗayan hotonsa ya tafi ga mai gidan ta WhatsApp. Wannan na ƙarshen kada ku yi wasa da shi, domin aya ta 1993 ta wajabta wa wakili ya ba wanda ya wakilta lissafin duk abin da ya karɓa, kuma sau da yawa mai gidan bai ma san ana karɓar wani abu bayan haya ba. Kwana 15 suka wuce shiru, ku kai wa lawan ɗin unguwa ko limami ya kira shi. Ya ƙi, sai ku haɗa kuɗi ku ɗauko wisiye, ma'aikacin shari'ar nan mai kai sammaci. Zai zo ya gani da idonsa, ya rubuta halin da rufin da masan ke ciki, ya kai masa gargaɗi a hukumance. Da wannan takardar ake zuwa kotun matakin farko a nemi alƙalin gaggawa. Abin da za ku roƙa shi ne ya tilasta gyaran, ko ya ba ku izini ku yi da kanku a cire a haya, kamar yadda aya ta 1144 ta ba da dama. Izinin ne kan gaba, gyaran na biye. Wanda ya fara gyara sannan ya zo neman a biya shi, sau tari kuɗinsa ya tafi.

Cire ƙofa da yanke ruwa kuwa, ba shi da wannan ikon, mai gidan kansa ma ba shi da shi. Ba a tashin ɗan haya sai da hukuncin kotu, wisiye ne kuma ke zartarwa. Shiga muhallin mutum ba da yardarsa ba laifi ne a aya ta 299 ta kundin laifuka. Ranar da ya taɓa ƙofar wani, ku ɗauki hoto, ku kira shaidu biyu, ku wuce kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko jandarma.

Baba Usumanu mai famfo, Yelwa

'Yata, Malam Hamadu ya gama da doka. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne masan da ya cika sau biyu cikin wata bakwai. Masai mai lafiya ba ya haka. Ramin da aka gina daidai, mai ɗaki biyu ko uku da rijiyar tsotse ruwa a gefe, yana kai shekara 3 zuwa 5 kafin ya nemi motar kwashe masai. Wanda ke cika duk bayan wata uku ba kashi ne ya cika shi ba, ruwa ne ya rasa hanyar fita. Ko kun biya sau goma zai dawo.

Ga yadda za ku gane. A samo sanda mai tsawon mita 3, a naɗe rabinta na ƙasa da farin tsumma, a buɗe murfin ɗakin farko, a tura ta har ƙasa, a bar ta kamar minti biyar, a zaro a hankali. Baƙin taɓon zai bar shaida a tsumman. In bai kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ba, ramin bai cika ba, matsalar tana gaba. In ya kai rabi, to lallai sai mota. A buɗe murfin a ja baya tukuna iskar ta fita, kada a kusanto da wuta ko taba, kuma don girman Allah kada a tura yaro ciki da guga. Iskar ramin nan tana kashe mutum cikin 'yan mintoci, wanda ya shiga ceto shi ma ta haɗa da shi.

Abin da ke hana ruwa fita bai wuce huɗu ba. Rijiyar tsotsewar ta toshe da maiƙo da sabulu, saboda an haɗa ruwan kicin da na wanka cikin masan. Ko ruwan rufi ne ke gangarawa ciki da damina. Ko bututun tsakani ya kwanta, domin bututun 100 ko 110 yana son gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, in ƙasa ta zauna sai gangaren ya ɓace. Na huɗun shi aka fi rainawa: tankin bayan gida ɗaya da robarsa ta mutu, yana tsiyaya dare da rana, yana iya zuba ɗaruruwan lita a yini. Ku zaga sassa takwas ɗin, a share cikin kwanon bayan gidan, a manna busasshiyar takarda a bangonsa na baya, a dawo bayan minti goma. Ta jiƙe, an kama ɓarawon. Robar 'yar kuɗi kaɗan ce, ita kam ɗan haya ke canzawa.

Akwai kuma aikin ha'inci na wasu masu mota: su zuƙe ruwan sama su bar taɓon, rabin awa sun tafi. Ranar kwasa mutum biyu daga cikinku su tsaya a kai, a dama taɓon da dogon ƙarfe ana zuƙa, a ƙirga sawun motar, a sake gwajin sandar kafin a biya. Ɗan taɓo kaɗan ake bari a ƙasa, shi ke tayar da ruɓewar. Zuba baƙin mai ko kananzir ko jabel (bilic) mai yawa kashe ramin yake yi. Ku kuma auna tsakanin rijiyar tsotsewa da bakin foraj. Ƙasa da mita 15 haɗari ne, 30 ya fi kwanciyar rai, mu da ke yankin da kwalara ke leƙowa da damina.

Injin foraj, da kun tambaya kafin ku biya da na ce a nuna muku gawar tsohon. Har yanzu ba a makara ba, ku nemi ganinsa, da rasit ɗin sabon mai ɗauke da sunan kamfani da ƙarfinsa. Sau da yawa in injin ya yi gurnani ya ƙi tashi, kwandansar da ke cikin akwatinsa ce ta mutu, ita kuma canzawa kawai ake yi, ba a ma ciro injin daga rami. Wanda ya ƙone da gaske, mai gyara na ganewa da abin awo a wayoyinsa. Kun haɗa 200,000, hakkinku ne ku san me aka saya.

In kuwa ya ƙone ɗin, dalilin da ya ƙone shi yana nan yana jiran sabon. Daga Maris zuwa Mayu ruwan ƙasa na ja baya, injin ya riƙa juyawa a bushe, shi kuwa ruwan ne ke sanyaya shi. Ga ƙarancin wuta: in bolt 220 ya faɗo ƙasa da 190, injin na jan wuta fiye da ƙima, ya yi zafi. Maganinsu abu uku ne a akwatin injin: na'urar da ke yanke wuta in ya yi zafi ko wutar ta ragu, wayoyin gane ruwa a cikin ramin da ke tsayar da shi in ruwa ya janye, da ƙwallon tanki mai kashe shi in tankin ya cika. In babu su maigadi ne ke kunnawa ya manta. Ku gwada wannan ma: bokitin lita 20 a bakin bututun da ke shiga tanki. In ya cika cikin daƙiƙa 40, injin na ba da lita 1,800 a awa. Mutum 48 a kan lita 50 kowanne lita 2,400 ke nan, aikin awa ɗaya da minti 20. In yana yin awa shida kullum, ruwanku na zuba a wani wuri.

Injiniya Sa'idu, Ngaundare

Hajiya, rabon wutar nan zalunci ne ko da wakilin bai ci ko sisi ba. Fanka tana cin wat 60 zuwa 75, in ta yi awa 12 kullum ba ta wuce kilowat 27 a wata. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan sama da wat 1,000, a zafin Garwa na Afrilu da kyar take hutawa, awa 8 a dare ya kai ta kilowat 200 zuwa 270 a wata. Guda ɗaya ta cinye abin da fanka takwas ke ci.

Ga wata asarar da ba a lura da ita. Farashin wutar gida hawa-hawa yake a jadawalin da aka fitar a 2012: sefa 50 ga wanda bai wuce kilowat 110 ba, 79 har zuwa 400, 94 har zuwa 800, 99 daga nan zuwa sama, ga haraji a kan masu cin da yawa. Sassa takwas a mita ɗaya sau tari a hawan ƙarshe suke, sai talakan gidan ya riƙa sayen wuta da farashin mai hali. Mafita ta gaskiya ita ce kowane sashe ya samu mitarsa daga kamfanin wutar lantarki, ta kati ta fi raba gardama, a bar tsohuwar ga injin ruwa da fitilun matakala. Wannan sai da yardar mai gida da takardunsa, don haka ku sa shi cikin wasiƙar.

Kafin a kai can, a sa ƙaramar mita a bakin kowane sashe, a akwati ɗaya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunku ɗaya a hannunsa. A karanta su ranar da aka karanta babbar, a ɗauki hoto. Lissafin ba wuya. A ce faktir ta zo da 108,000 a kan kilowat 900, kowane kilowat ya tashi 120. A ce jimlar ƙananan mitoci 780. Ragowar 120 ɗin ta kowa ce, wato 14,400, a raba takwas, 1,800. Wanda ya ci kilowat 60 zai biya 7,200 da 1,800, jimla 9,000, maimakon 13,500 na rabon daidai. Da mitar kansa yake da ita, kilowat 60 ɗin nan 3,000 ne kafin 'yan ƙananan caji. In ragowar ta kowa ta zarce abin da injin da fitilu za su iya ci, akwai wayar da aka ja ta bayan mita, a bi ta a gano. Kuma ku tabbata ana biyan faktir ɗin ma, don ana iya karɓa a hannunku a bar bashi ya taru, sai ranar yanka ku sani.

Rufin kuma, in na kankare ne, a hau a duba kafin a yi maganar kuɗi. Ƙurar hunturu da leda na toshe magudanan, ruwa ya kwanta, ya bi tsagar da zafin rana ya yi, musamman inda rufin ya haɗu da ɗan bangon gefe, da ƙarƙashin tanki in yana ambaliya. Shafa ruwan siminti a sama ko fenti daga ciki ɓarnar kuɗi ce, damina ɗaya ba ta kaiwa. Aikin da ke riƙewa shi ne a share, a buɗe tsagar a cike, a gyara gangare ya zama santimita 1 zuwa 2 a mita zuwa magudana, a shafa share fagen kwalta, a shimfiɗa tabarmar kwalta da wuta, kowace ta hau kan 'yar'uwarta da santimita 10, a naɗo ta jikin bangon gefe aƙalla santimita 15. Sannan a toshe magudanan, a tara ruwa kwana ɗaya ko biyu, a duba daga ƙasa. Sai kankaren ya bushe ake wannan aikin, shi ya sa makonnin nan ne lokacinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. In kun ga tsatsa na fitowa a silin, ko kankare na ɓarewa har rodi ya bayyana, magana ta wuce yoyo, a kwashe gadaje daga wurin.

Alhaji Garba, Garwa

Maman Ikram, duk abin da aka faɗa miki gaskiya ne, amma bari in ɗan tsaya wa ɗaya ɓangaren, don kada ku shiga maganar da zaton 10,000 ɗin duka sata ce. Sau takwas 80,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta yanka a 2023 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ko na gona ba 60,000 ne. In akwai maigadi kuma ana biyansa yadda doka ta ce, saura 20,000 ga mai shara, ƙwan fitila, wutar injin da ɗan abin da ya taso. Ba ta isa sayen inji ba. In kuwa babu maigadi, ko ana ba shi rabin haka, to a tambayi ina sauran. Ku tambayi maigadin da kansa, cikin mutunci.

Laifin wakilin a nan shi ne ɓoye lissafi. Mai riƙon amana ba ya jin tsoron littafi. Ku nemi a buɗe littafi ɗaya na gidan, shiga a hagu fita a dama, kowane rasit a manne, a liƙa kwafin faktir a gindin matakala duk wata. Ku zaɓi mutum biyu su zama bakinku, kada kowa ya riƙa kiransa daban, yana gaya wa wannan wata magana wancan wata. Duk aikin da ya wuce wani adadi da kuka yarda a kai, a kawo ƙiyasin masu aiki biyu kafin a fara. Ku tambaye shi takardar wakilcin da mai gida ya ba shi. Sana'ar dillancin gidaje tana da dokarta tun 2001, mai yin ta a matsayin sana'a kati yake riƙewa. In ɗan'uwan mai gidan ne kawai aka ce ya riƙa dubawa, wannan ba laifi ba ne, amma ku san iyakar abin da aka ba shi, domin wani karɓar haya kaɗai aka sa shi, ba shi da ikon taɓa kuɗin ya yi gyara, kunyar faɗa ce ke sa shi cewa za a duba.

Ku ma ku gyara naku. In motar ta zo aka tarar da famfas ɗin yara da audugar mata da leda a ramin, hujjarku ta raunana, don wannan ɓarnar mazauna ce, kuma da ita zai kare kansa. Sannan kosiyo, kuɗin jinginar da ake bayarwa ranar shiga, ba hayar watan ƙarshe ba ce, ajiya ce ta abin da aka lalata, kada wani ya ce zai cinye tasa a madadin gyaran rufi. Ku fara da lalama, ku bar wa mai gidan ƙofar da zai shigo ya gyara ba tare da ya ji an tozarta shi ba. Wisiye na nan in lalamar ta ƙi.

Maman Ikram, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Mun ɗauko takardar. Abin da aka rubuta kawai shi ne ƙananan gyare-gyare da kuɗin hidima a kan ɗan haya suke, babu maganar masai ko inji. Ba hatimin ofishin haraji a jiki, kuma ba a rubuta halin da gidan ke ciki ba ranar da muka shiga. Wakilin ya hana mu lambar mai gidan. Malam Hamadu, ya za mu yi da waɗannan?

Malam Hamadu, Marwa

To masai ya koma kan mai gida ke nan, aya ta 1756 ta tsaya da ƙafarta tunda ba a rubuta akasinta ba. Kalmar hidima ita kaɗai ba ta isa ta haɗiye kwasar masai da sayen inji ba. Ku sa a wasiƙar cewa kuna neman a mayar da 25,000 ɗin ko a cire ta a hayar wata mai zuwa, amma kada ku cire da kanku sai an amsa a rubuce.

Rashin rajista ba ya kashe yarjejeniyar a tsakaninku, sai dai in za a kai ta gaban alƙali za a nemi a yi mata, da tarar jinkiri. Ku je cibiyar haraji ta yankinku da kwafi su lissafa muku tun yanzu.

Rashin takardar halin gida shi ya fi damuna. Aya ta 1731 ta ce in ba a rubuta ba, ana ɗauka ɗan haya ya karɓi gidan lafiya lau ta fuskar ƙananan gyare-gyare, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Da wannan ake cinye kosiyon mutane ranar tashi. Kowane sashe ya ɗauki hoton ɗaki-ɗaki a makon nan, bango, silin, famfo, makulli, lambar mita, a tura wa wakilin ta WhatsApp don kwanan watan ya zauna. In wisiye ya zo don rufin, ku ce ya haɗa da tabon ruwan da ke bangon sassan sama, kada gobe a ce ku kuka ɓata fenti.

Mai gidan kuwa ba zai ɓuya ba. Sunansa na kan yarjejeniyar, galibi yana kan faktir ɗin wuta, lawan ɗin unguwa da tsofaffin maƙwabta sun san danginsa, maginin da ya yi aikin gidan ma yakan riƙe lambarsa. In duk ya gagara, gargaɗin da wisiye ya kai wa wakili da sunan mai gida ya wadatar a fara da shi. Ku kai wasiƙar gobe, don kwana 15 ɗin su ƙare kafin ruwan farko. Masu sassan sama kuma, in yoyon ya kusanci fitilar silin ko fanka, a kashe layin ɗakin daga akwatin wuta har sai an gyara.